Ranar da Kalangu Ya Yi Shiru a Adjamé

Shekara ashirin ke nan da rasuwar ƙanena Salifu. Tun ranar da muka kai shi makwancinsa nake cewa zan rubuta yadda aka yi ɗan mahauci daga Treichville ya ɗora rayuwarsa a kan hoton wani ɗan ƙwallon Italiya da bai taɓa gani da idonsa ba. Na yi ta jinkiri. Abin da ya tashe ni shi ne, kwanakin baya jikana ya shigo mini da labarin cewa shi ma Baturen ya rasu a ƙasarsu, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a sami wanda ya kamo shi a yawan cin ƙwallo a babbar gasar Italiya ba. Na ce to, biyu sun tafi, saura ni da na san abin da ya haɗa su. Ni kuwa ba na son a ɗauko labari daga tsakiya. Mai karatu ya yi haƙuri, daga farko zan fara.

Mahaifinmu mutumin ƙasar Konni ne, mahauci ɗan mahauta. Ya biyo shanu zuwa Abidjan tun garin bai cika ba, ya zauna a Treichville, ba nisa da inda babban masallaci yake. A ƙuruciyarsa ɗan dambe ne. Duk wanda ya san mahautan Hausa ya san dambe wasanmu ne. A naɗe hannu ɗaya da kara, wato tsumma da igiya, a shiga fili, wanda gwiwarsa ko bayansa ya taɓa ƙasa an kashe shi. Haka ake faɗa, ko da ya miƙe yana dariya. Baba ya gama shekarunsa na dambe ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ba ya faɗin haka da bakinsa. Makaɗinsa ke faɗa, wani dattijo mai kalangu da ake kira Barmo, wanda ya biyo shi daga gida. Kullum da safe Barmo yana zaune a gefen teburinmu a kasuwa yana kaɗa taken Baba, mutane su ji su san nama ya iso.

Sana'armu tana da tsani, kuma ba a tsallake mataki. Yaro yana farawa da wanke hanji. Daga nan sai ɗaukar nama a ka daga mayanka zuwa kasuwa, sai fiɗa. Ranar da uba ya ga ya isa, sai ya ba shi wuƙa a gaban mutane, daga ranar yana iya tsayawa a tebur ya yanka wa mai saye. Wuƙar da uba ya bayar uba ne kaɗai ke iya karɓe ta. In kuwa ya karɓe, babu mahaucin da zai ba ka wata, ko a Treichville ko a Adjamé, sai dai ka yi masa dako. Ni na fara samun tawa, tunda ni ne babba. Da lokacin Salifu ya yi, Baba bai saya masa sabuwa ba. Tasa ya ba shi, mai ƙotar ƙaho, wadda ya zo da ita daga Konni. Ban ji haushi ba. Hannun Salifu ya fi nawa, kowa ya sani. Yana samun gaɓa ba tare da ya duba ba, yana hira da mai saye wuƙa tana aikinta.

A shekarun nan na kafin babban yaƙi akwai wani magini ɗan Italiya da ke kula da lebura a wuraren da ake gini. Mu Mai Siminti muke kiransa, don ko ya yi wanka farin siminti ba ya barin gashin hannunsa. Kowace Asabar yakan zo sayen nama, ya taho mana da tsofaffin jaridun da danginsa ke aiko masa ta jirgin ruwa, mu riƙa naɗe nama da su. Takardar launin ruwan hoda ce, ba irin ta Faransawa ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, kaɗan, ina iya haɗa baƙaƙen Faransanci, amma wannan rubutu ya fi ƙarfina. Hotuna kawai muke kallo kafin mu yaga.

Wata safiya Salifu ya ɗauko wani shafi zai naɗe hanta, sai ya tsaya.

Ya ce, "Yaya, Turawa ma suna kuskure. Dubi, sun buga mutum a juye."

Na duba. Wani dogon mutum ne, ƙafafunsa a sama, kansa a ƙasa, kamar ragon da aka rataye za a feɗe. Salifu ya juya takardar don mutumin ya tsaya daidai. Mutumin ya tsaya, amma sai sauran jama'ar da ke cikin hoton suka koma a juye, da turakun raga, da ƙasar kanta. Ya sake juyawa. Mai hanta tana tsaye tana jira, har ta ce ko ta je ta dawo gobe ne. Ni na naɗe mata a wata takarda. Shafin nan dai Salifu ya ninke shi ya sa a aljihu.

Ranar Asabar ya nuna wa Mai Siminti. Faransancin Baturen ba shi da kyau, namu ma haka, saboda haka ya ɗauki lemo daga tiren wata mai talla ya yi mana bayani da hannu. Ya ce ba kuskure ba ne. Wannan shi ne ɗan wasan gaban ƙasarsu, wanda a shekarar ya ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe da Italiya ta ɗauki kofin duniya a Faransa. Idan ƙwallo ya zo masa ta sama alhali ya ba raga baya, ba ya ɓata lokacin juyawa. Tashi yake yi ya kwanta a iska, ya buge shi ta saman kansa. Salifu ya tambaya ta yaya mutum zai auna abin da ba ya gani. Mai Siminti ya ce ai ya riga ya gani tun kafin ya juya, raga ba ta tafiya ko'ina. Salifu ya dubi wuƙar da ke hannunsa ya yi murmushi. Wannan maganar ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Da ma yana buga ƙwallo da yamma a yashin bakin ruwa, tare da 'yan dakon tashar jiragen ruwa da samarin Dioula da na Baoulé. Shi kaɗai ne Bahaushe a cikinsu. Daga ranar ya shiga koyon abin da ya gani. Sai dai hoto yana da aibi ɗaya: yana nuna tashi, ba ya nuna sauka. Ba wanda ya san yadda Baturen ke dawowa ƙasa. Salifu ya sauka a wuya, ya sauka a ƙugu, wata rana ya sauka a kan hannun wuƙa ya yi sati yana yanka da hagu. A hankali ya gano da kansa cewa tafin hannu ake fara kaiwa, sannan kafaɗa, sannan a bar jiki ya mirgina.

Na ja masa kunne. Na ce, "Ka san gidan da ka fito. Ranar da Baba ya ga bayanka a ƙasa, me za ka ce masa?"

Ya ce, "Yaya, a ƙwallo ba a lissafa wanda ya faɗi. Abin da ya shiga raga ake lissafawa."

Na ce, "Ni ka faɗa wa. Baba bai san raga ba."

Ya yi dariya ya ce ai Baba ba zai taɓa zuwa kallon balo ba, haka muke kiran ƙwallo.

Yanzu in ina zaune a falo jikokina suna kallon wasa a telebijin, nakan ga an nuna irin bugun nan, a maimaita shi a hankali, a nuna ta gaba, a nuna ta baya, har da yadda mutum ya sauka. Abin da Salifu ya yi watanni yana nema da ƙashin bayansa, yaro yana gani yana cin gyaɗa. Ba na jin Salifu zai yi hassada. Na san shi. Zai matsa kusa da akwatin har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ce ashe haka ake yi, ashe ban yi nisa da daidai ba.

To, sai aka shirya wasa tsakanin samarin Treichville da na Adjamé, a wani fili da ke wajen Saint-Michel. Labari ya shiga mayanka cewa ɗan gidanmu zai shiga fili da mutanen Adjamé. Mahauta ba su san wata shiga fili ba sai iri ɗaya. Ranar Lahadi aka tashi kasuwa da wuri, dattawa suka sa manyan riguna, Barmo ya rataya kalangu. Muka haye gadar nan ta da mai lilo a kan ruwa, muka ratsa unguwar Turawa a ƙasa ba kiɗa, sai da muka shiga Adjamé Barmo ya saki hannu. Baba yana gaba. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba. Mahautan Adjamé su ma sun fito, sun tsaya a ɗaya gefen, kamar yadda ake yi a dambe.

Da farko abin ya yi kyau. Dattawanmu ba su gane dokar wasan ba, amma sun ga Salifu ya fi kowa tsawo, ana bangazarsa ba ya motsi, wannan kuwa sun gane shi. Barmo yana ta taken Baba. Can bayan an dawo hutu, wani yaron Dioula ya ɗago ƙwallo daga gefe, ya zo a bayan Salifu. Na ga ya kai ido ga raga sau ɗaya, ya juya mata baya. Na san abin da zai biyo. Ya tashi, ya kwanta a iska, ƙafarsa ta sami ƙwallon, ya sauka da bayansa a gaban jama'a, ƙura ta tashi.

Kalangu ya yi shiru.

Ƙwallon ya shiga. Mai tsaron gidan Adjamé ko motsi bai yi ba. Duk filin ya ɗauki ihu, 'yan dako suna tsalle, har mutanen Adjamé suna tafi. Gefe ɗaya ne kawai ba a ce komai ba, gefenmu. Dattawa sun sunkuyar da kai. Daga can ɓangaren wani mahaucin Adjamé ya ɗaga murya ya ce, "An kashe ɗan mutumin Konni, kuma ba wanda ya taɓa shi." 'Yan uwansa suka fashe da dariya. Baba bai ga inda ƙwallo ya tafi ba, don ba ƙwallo yake kallo ba. Ɗansa yake kallo. Ya gyara rigarsa ya juya, tun Salifu bai miƙe ba. Na bi shi ina cewa an ci ne, Baba, mu muka ci. Haka muka haye gada, yana gaba ina biye.

Washegari da sassafe, kafin masu saye su taru, Baba ya kira Salifu gaban tebur.

Ya ce, "Wa ya kayar da kai?"

Salifu ya ce, "Ba kowa, Baba. Haka ake bugun."

"Kai ka kai kanka ƙasa. Da gangan. Ana kaɗa takena."

"Ƙwallon ya shiga, Baba."

"Ban tambaye ka ƙwallo ba. Ka ce mini ba za ka ƙara ba, maganar ta wuce."

Na yi ta yi masa alama da ido ya ce to. Kalma ɗaya ce. Amma Salifu ya ce, "Baba, in na ce ba zan ƙara ba, ƙarya zan yi maka. In ƙwallo ya zo haka, jikina zai tafi kafin in yi shawara."

Baba ya miƙa hannu. Salifu ya goge wuƙar da gefen rigarsa, ya juya ta, ya miƙa masa ta ƙota. Ba wanda ya ɗaga murya. Barmo ya kwance kalangu ya ajiye, ranar ba a yi kiɗa a teburinmu ba.

Masu karatu na yanzu za su ce Baba ya yi tsanani. Ni ba zan ce haka ba. Mutum ne baƙo a ƙasar mutane, ba shi da gona, ba shi da sarauta, ba ya jin Faransanci. Abu ɗaya ya zo da shi daga gida wanda ba a iya ƙwace masa, shi ne bayansa bai taɓa ƙasa ba. Ya ga ɗansa ya ɗauki abin nan ya yar a gaban mahautan Adjamé. Shi kuma Salifu bai yi laifi ba, ya ƙi yi wa ubansa ƙarya ne. Na tsaya a tsakaninsu shekara da shekaru, ban sami wanda zan ba rashin gaskiya ba.

Ba a daɗe ba yaƙi ya zo. Italiya ta shiga gaba da Faransa, hukuma ta kwashe 'yan Italiyan da ke gari, har da Mai Siminti. Jarida ta yanke, muka koma naɗe nama a ganye. Salifu ya koma Adjamé da zama, yana yi wa wani mahauci dako. Mutumin da ya fi kowa hannu a garin nan ya koma ɗaukar cinyar sa a ka, jini yana bin wuyansa, yara ƙanana suna yanka a gabansa. Ya nemi aure, aka ce a bari tukuna, don ba a ba mahaucin da ba shi da wuƙa mata. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo gida ya durƙusa ya gai da Baba. Baba yakan amsa, ya tambaye shi lafiyar jiki, shi ke nan. Inna kuma ta cika masa kwano ta tsaya a kansa har ya cinye.

Duk wannan bai hana shi wasa ba, yanzu kuma wa Adjamé yake bugawa. Abin da ya fi damunsa a shekarun nan, in muka keɓe, ba wuƙa ba ce. Sai ya fito da shafin nan, wanda ya yi laushi kamar tsumma, ya ce, "Yaya, ko an ba shi bindiga? Mutum mai tsawo haka ai shi za a fara hangowa." Na ce ka damu da kanka. Ya ce yana sa shi a addu'a. Na ce mutumin da bai san kana duniya ba? Ya ce ai ba sai ya sani ba.

Bayan yaƙi ya ƙare, wata Asabar sai ga Mai Siminti a gaban teburinmu. Da ƙyar na gane shi, ya rame, haƙoransa sun zube. Ya gai da Baba, ya waiwaya yana neman Salifu. Na ce yana Adjamé. Sai ya zaro wata sabuwar jarida mai ruwan hoda daga cikin rigarsa, ya ce ta farko ke nan da ta iso masa, a kai wa yaron. Baba ya karɓa don ya ajiye, idonsa ya faɗa kan hoton da ke gaba. Mutumin nan ne. Ya manyanta, fuskarsa ta faɗa, rigarsa ta wata ƙungiya ce daban, amma shi ne, yana tsaye an kewaye shi ana rungumarsa. Ban san Baba ya san fuskar ba. Ashe tun kafin wasan Adjamé ya taɓa ganin shafin a hannun Salifu.

Ya ce mini, "Isufu, tambaye shi. Wannan ba shi ne aka kashe tun kafin yaƙi ba?"

Na fassara yadda zan iya. Mai Siminti ya ce ba a kashe shi ba, yana nan, ya haura shekara talatin, makon da aka buga jaridar ma ya ci.

"Har yanzu yana faɗuwar?"

Mai Siminti ya ce in ta kama yana yi.

"A gaban mutanensa?"

Ya ce a gaban dubban mutane, har da manyan ƙasa.

"In ya faɗi, me suke yi?"

Baturen ya ɗaga kafaɗa, kamar tambayar ba ta da wuya. Ya ce suna jira ya tashi, sai a ci gaba da wasa.

Baba ya yanka wa Mai Siminti tsoka mai kyau, ya naɗe masa a ganye. Jaridar kuwa bai ba ni in kai ba, ya sa ta a aljihunsa.

Ranar Lahadi bayan azahar ya ce in kira Barmo. Lokacin Barmo ya tsufa ƙwarai, Baba ma gwiwa ta fara ba shi wahala. Mu uku muka haye gada, ba manyan riguna, ba rakiya. Muna tafe muna hutawa. Da muka kusa filin Saint-Michel Baba ya tsaya ya ce wa Barmo, "In ya faɗi, kada ka tsaya. Ka ci gaba har mu ga abin da zai yi."

Barmo ya ce, "Ban taɓa yi wa na ƙasa kiɗa ba."

Baba ya ce, "Ni ma ban taɓa tsayawa kallon na ƙasa ba. Yau sai mu koya."

Zan so in ce a ranar Salifu ya tashi sama ya ci irin ƙwallon nan a gaban ubansa. Ba haka aka yi ba, kuma ba zan ƙara wa labari abin da babu ba. Wasan bai yi daɗi ba, an yi ruwa da safe, filin duk taɓo. Ƙwallo bai zo masa ta sama ko sau ɗaya ba. Muna tsaye a bayan jama'a, bai san mun zo ba, don Baba ya hana a kaɗa tun da wuri. Can wajen ƙarshe wani ƙaton mai tsaron baya ya sa masa ƙafa, Salifu ya faɗi rub da ciki a cikin taɓo, faɗuwa mara kyan gani. Baba ya taɓa kafaɗar Barmo. Kalangu ya ɗauki take.

Salifu yana kwance ya ji. Na ga kansa ya ɗago. Wannan take tun yana goye yake jinsa, ba zai ɓace masa ba ko cikin kasuwa. Ya dafa ƙasa ya miƙe, taɓo har gira, ya tsaya yana neman inda kiɗan ke fitowa, har alƙalin wasa ya yi masa tsawa. Baba bai ɗaga hannu ba, bai yi murmushi ba. Ya dai tsaya, fuskarsa tana kallon fili, har aka tashi. Adjamé ba ta ci ba a ranar.

Da safe Salifu ya zo kasuwar Treichville ba wanda ya aika masa. Ya tarar da wuƙa mai ƙotar ƙaho a kan tebur, an wasa ta, tana kan jaridar nan mai ruwan hoda. Baba yana can gefe yana sara ƙashi. Bai juyo ba ya ce, "Ga mata can tana jiran hanta tun ɗazu." Salifu ya ɗauki wuƙar. Yankan farko ya karkace, abin da ban taɓa gani ba. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura masa aure.

Sauran labarin ba shi da tsawo. Mai Siminti ya ci gaba da kawo jarida, Salifu ya ci gaba da bin mutuminsa daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Gwiwar Salifu ta gaza tun da wuri, ya bar fili, amma Baturen bai bari ba sai da ya kai shekara arba'in, ya ajiye tarihin da har yau ba a karya ba. Ranar da labarin ya zo cewa ya yi ritaya, Salifu ya yanka kaza ya kira Mai Siminti suka ci. Daga baya ya riƙa tara yaran unguwa da yamma yana koya musu. Darasin farko ba a taɓa ƙwallo. Sai yaro ya iya sauka a tafin hannu da kafaɗa, ya miƙe da kansa, sannan a ba shi balo. Iyaye suna ƙorafin wankin riga, bai kula su ba.

Da yana raye yau, akwai abin da zai faranta masa. 'Ya'yan ƙasar nan sun je Italiya sun buga a filayen da muke gani a takardar naɗe nama, abin da ko a mafarki bai kawo ba. Akwai kuma abin da zai ɓata masa rai. Yanzu sai a ɗan goga ɗan wasa, ya zube yana birgima yana riƙe ƙafa, ya ƙi tashi sai an hukunta wani. Salifu, wanda ya yi shekaru yana dakon nama saboda faɗuwa ɗaya ta gaskiya, ba na jin zai iya kallon wannan. Zai kashe akwatin ya fita. Dambe kuma ya ƙare a cikinmu, kalangu ya bar kasuwa, wajen Mairie, ofishin magajin garin Adjamé, sai ƙarar mota da rediyo. 'Ya'yan Salifu ba wanda ya gaji fawa. Wuƙar tana wurina, nakan shafa mata mai lokaci lokaci.

Baturen ya bar adadi, ana nan ana lissafa shi, wata rana wataƙila wani ya wuce shi. Salifu ba a rubuta ƙwallayensa a ko'ina ba, waɗanda suka gani ma sun kusa ƙarewa. Abin da ya bari shi ne abin da ya sa tsoho mai taurin kai ya koya a ƙarshen rayuwarsa, ni ma na koya a gefensa.

Lahadin da ta wuce na sa aka kai ni Adjamé, jikan Salifu yana wasa da 'yan unguwarsu. Yaron dogo ne kamar kakansa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ƙwallo ya zo masa ta sama yana ba raga baya. Ya tashi, bai same shi ba, ya faɗo da baya, yara suka yi masa dariya. Wanda ya kawo ni ya ce mu tafi, rana ta yi zafi, ba abin kallo a nan. Na ce a'a. Na dogara sandata na tsaya, fuskata tana kallon fili, har yaron ya dafa ƙasa ya miƙe.

Da aka tashi ya zo yana kakkaɓe riga, ya tambaye ni da Faransanci, cikin jin kunya, ko na ga faɗuwar da ya yi. Na amsa masa da Hausa, a hankali yadda zai gane. Na ce na gani, kuma ina nan har ka tashi.

Allah ya jiƙan Salifu, ya jiƙan Baba da Inna da Barmo, ya haɗa mu da su a inda ba a rabuwa.